Takardun da Na Kai wa Teku

Shekarar da aka ba wa mata izinin tuƙa mota a ƙasar nan, ita ce shekarata ta huɗu a Madina. Ina tuna ta sosai, domin a aji ba a maganar komai sai wannan. Manyan mutane masu gemu suna gardama kamar a bakin kasuwa, ni kuwa ina roƙonsu su yi gardamar da Turanci, ko na samu abin gyarawa. A wata cibiya nake aiki, wadda ke koya wa ma'aikata Turanci bayan sun tashi daga wurin aiki. Ɗakina yana unguwar Anbariyya, a hawa na uku. A shekarar ne cibiyar ta samu aikin koyar da ma'aikatan tashar jiragen ruwa a Yanbu, aka ce ni zan riƙa zuwa. Ranar Lahadi da safe in hau bas, in yi kwana uku a bakin teku, ranar Laraba in dawo birnin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Ni mutumin Yauri ne. Kafin in taka makarantar boko mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya koya mini rubutun ajami, ya koya mini fere alƙalamin kara da dafa tawada da ƙaro. Turanci na karanta har digiri, da shi nake cin abinci, amma in zan yi magana da kaina a takarda, ajami hannuna yake nufa. Saboda haka ina da rajista biyu. Akwai ta cibiya a kwamfuta, akwai kuma tawa. A tawa nakan fara kowane shafi da Bisimilla, in ja layuka gida-gida, in rubuta sunan ɗalibi da na mahaifinsa, in zuba makinsa a cikin gidajen, a ƙasa kuma in rubuta abin da na lura da shi game da mutumin. Baƙaƙen da baƙar tawada, wasali da ja, kamar yadda aka koya mini.

Wani abu kuma da mahaifina ya koya mini shi ne, takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a jefa ta a shara. A gidanmu in irin waɗannan takardu suka taru, sai ya naɗe su, ya ɗaure da zare, ya haɗa da dutse, mu gangara bakin Kwara ya sake su inda ruwa ke da zurfi. A Madina akwai akwatuna a jikin masallatai da ake zuba irinsu, amma ni ban so in zuba tawa a can ba, saboda akwai sirrin mutane a ciki: wane ba ya gane karatu, wane yana barci a aji. Ƙonawa kuma ba ta yiwuwa, ɗan hayaƙi kaɗan ƙararrawar gini za ta tara mini jama'a. Da na ga teku a Yanbu sai na ji daɗi. Na ce ga Kwara ta biyo ni.

A cikin ɗalibaina na Yanbu akwai wani matuƙin ƙaramin jirgin da ke jan manyan jirage zuwa matsaya. Baƙi ne dogo, mai faɗin kafaɗa, shekarunsa za su kai talatin da biyar. Ɗan ƙasa ne, amma jikan mahajjatanmu ne da suka zo da ƙafa tun zamanin da, suka zauna a Madina. Yana jin Hausa. In na yi masa magana da ita bayan darasi sai ya yi murmushi, ya amsa da Larabci. Wata rana na ce masa, “Kai, bakinka bai iya tuwo ba ne?” Ya ce, “Tuwo ina ci, Ustaz, magana ce ban iya tauna ta ba.” Mutum ne mai kunya, ba ya son a tashe shi a gaban aji. A watannin ƙarshe na zangon ya rame, yana zuwa idanunsa jajur. Ban tambaye shi ba. Daga baya na ji cewa 'yarsa mai shekara huɗu ce take faɗuwa tana kakkafewa, kuma wani mai ruƙiyya ya ce masa an yi wa gidansa sihiri an jefa a ruwa, wanda ya yi kuma mutum ne da yake gani kullum.

Ranar Talatar ƙarshe ta zango, bayan la'asar, na kwashe takardun rajistata ta ajami na nufi wani wuri mai duwatsu a gefen gari inda mutane ke jefa ƙugiya. Rana tana nan da sauranta, akwai masunta huɗu ko biyar nesa kaɗan. Na zauna a kan dutse, na naɗe takardun sosai, na kewaye su da baƙin zare, na yi ta ƙulla shi don kada ruwa ya warware, na soke wani ɗan dutse a tsakiya. Ina yi ina karanta abin da ya zo bakina na addu'a, kamar yadda mahaifina yake yi. Takarda ɗaya ta zame ta faɗi gefena, ban lura ba.

Inuwa na gani a kaina. Na ɗaga kai, sai ga matuƙin, da kayan kamun kifi, ya ɗauki takardar yana dubawa. Na yi masa sallama. Bai amsa ba.

“Esh hada?” ya ce. Mene ne wannan?

Na ce takardun aji ne.

Ya juya ta, ya sake juyawa. Baƙaƙe ne na Larabci amma ba su ba shi ma'anar komai ba. Ga gidaje cike da lambobi, ga jan tawada. A saman shafin kuma, ban da Bisimilla, ga abu ɗaya tak da ya iya karantawa, sunansa da na mahaifinsa. Ya dubi ƙullin da ke hannuna, ya dubi ruwa, ya dube ni. Na ga fuskarsa ta sauya, kuma wallahi har a lokacin ban gane abin da yake gani ba. Murmushi ma nake yi.

Masuntan wurin suna da wani guntun kulki da suke kashe babban kifi da shi in sun jawo shi. Irinsa yana rataye a ƙugun matuƙin. Dukan farko a kafaɗa ya same ni, na ji kamar an sare ta. Ƙullin ya suɓuce ya gangara cikin ruwa. Na dafa dutse da hannun dama zan tashi, sai ya taka wuyan hannun da takalminsa, ya ɗaga kulkin da hannu biyu ya sauke a kan yatsuna. Na ji ƙararsu kafin in ji zafinsu, irin ƙarar busasshen kara in an taka shi. Na uku a kai ya sauka, sama da kunne. Jini ya rufe mini ido ɗaya.

“Ya sahir!” yake ihu. “Matsafi! 'Yata! Me ta yi maka? Me ta yi maka?”

Masuntan suka sheƙo. Ba wanda ya tambayi komai. Kalmar nan kaɗai suka ji. Wani ya shure ni a haƙarƙari, wani ya tofa mini yawu, wani ya kama rigata ta baya ya ja ni a kan duwatsu har fatar gwiwoyina ta saɓule. Matuƙin ya shaƙe ni, ya danna kaina cikin ruwa, ya ɗago, yana cewa in warware abin da na ƙulla. Na buɗe baki zan yi bayani, gishiri ya cika shi. Ya sake dannawa. A ƙarƙashin ruwan na ga jinina yana tashi kamar hayaƙi, na yi kalmar shahada a zuciyata, domin na ɗauka nan ne wurin da aka rubuta mini. Abin mamaki, a wannan hali abin da ya zo mini a rai shi ne ban gyara jarrabawar ajin Madina ba.

Wani dattijo a cikin masuntan ne ya ce su bar ni da rai, in na mutu ba mai warware sihirin. Wannan magana ita ta cece ni. Ɗaya ya shiga ruwa ya tsamo ƙullin, wani ya kira shurɗa, wato 'yan sanda. Da motarsu ta iso suka raba ni da mutanen, ɗaya ya cire ƙyallen kansa ya danne mini raunin.

Kwana biyu na yi a asibiti, da ɗan sanda a bakin ƙofa. Yatsu uku sun karye, biyu daga ciki sun dagargaje, aka sa musu ƙarfe. Daga nan aka mayar da ni wurin tsarewa. Duk baƙon da ya zauna a ƙasar nan ya san ba a wasa da tuhumar sihiri, ya san kuma inda take iya kai wuyan mutum. Ban yi tunanin aiki ko iƙama, takardar izinin zama, ba. Tunanin da nake yi shi ne yadda labarin zai isa Yauri, a ce ɗan malam wane an kama shi yana tsafi a ƙasa mai tsarki.

Mai binciken da aka haɗa ni da shi mutum ne natsattse, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya shimfiɗa takardun a kan tebur. Tawadarmu ba ta jure ruwa, shafukan waje duk sun wanke sun zama baƙin dabbare. Shida ne na tsakiya suka tsira, sai wadda matuƙin ya tsinta. Ya ce in karanta. Na karanta, na fassara masa da Larabci. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Ya Ustaz, kai ka rubuta, kai ka karanta, kai ka fassara. In ka ce mini wannan tallar shinkafa ce, ta yaya zan musa? Ina son wani ya karanta, wanda ba ruwansa da kai.”

An nemi Hausawa ma'aikata a garin. Wasu boko kaɗai suka iya. Waɗanda suka iya ajamin kuwa da suka ji kalmar sihiri sai kowa ya ce bai iya ba, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da iyali a bayansa. An kawo wani malami Balarabe mai duba irin waɗannan abubuwa. Ya juya takardar, ya ce shi dai bai ga sunayen aljanun da ya sani ba, amma waɗannan gidaje da lambobi ba su kwanta masa ba. Kwana tara ina nan. Hannuna yana zogi, ina taimama da hagu.

A rana ta goma aka fito da ni zuwa ofishin mai binciken. Na tarar da matuƙin a tsaye jikin bango, a kan kujera kuma wani tsoho siriri mai farin gemu, ya dogara haɓarsa a kan wata baƙar sanda mai kan azurfa. Mahaifinsa ne. Daga Madina ya zo duba jikarsa, ya ce kuma sai ya ga matsafin da idonsa. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya yi magana da Hausa mai nauyi, irin wadda ta daɗe a bakin Larabawa.

“Kai ɗan ina ne?”

“Yauri, Baba.”

“Yauri. Ubana ya ce akwai kifi a can. To me ya kai ka taɓa jikata?”

Na ce, “Baba, ban taɓa ta ba. Ko sunanta ban sani ba.”

Ya miƙa wa mai binciken hannu, ya ce a ba shi abin ya gani. Ɗan ya ce kada ya taɓa, zai cutar da shi. Tsohon bai ko waiwaye shi ba. Ya sa tabarau, ya kai takardar kusa da hanci. Na ga leɓɓansa sun fara motsi. Ya daɗe a haka. Sai ya ɗago ya ce da ni, “Wa ya koya maka wannan hannu? Irin na ubana ne.”

Mai binciken ya gane abin da ke faruwa, nan da nan ya sa aka fitar da ni. Ya zaunar da tsohon shi kaɗai ya karanta shafukan bakwai ya fassara, magatakarda yana rubutawa. Sannan ya kwatanta da abin da na faɗa kwana goma da suka wuce. Bayan kamar awa ɗaya aka dawo da ni. Mai binciken ya ce wa tsohon ya maimaita shafin nan ɗaya a gaban ɗansa. Tsohon ya karanta da Hausa a hankali, yana bin layi da yatsa:

“Matuƙin jirgin ja. Kansa yana ja ƙwarai, kunya ce ta ɗaure masa baki. Kwanan nan yana zuwa ido ja, da alama akwai damuwa a gida. Kada a tashe shi a gaban mutane. Allah Ya yaye masa.”

Ba a bukaci fassara ba, ɗan yana jin Hausa. Tsohon ya cire tabarau, ya ninke, ya sa a aljihu, ya miƙe. Ban zaci akwai sauran ƙarfi a jikinsa ba. Ya shauɗa wa ɗan nan sandar a wuya, ya ƙara a fuska har leɓe ya fashe, yana cewa, “Jaki! Rubutun kakanka ne ka kira tsafi! Mutum yana yi maka addu'a kana fasa masa kai!” Sai da ɗan sanda ya riƙe shi. Ƙaton nan bai kare fuskarsa ba.

A ranar aka wanke ni. Saura kuma ƙarar da ke kan matuƙin, domin yanzu shi ne mai laifi, ɗauri yana jiransa, aikinsa ma zai tafi. Tsohon ya zo ya durƙusa a gabana, mutumin da ya girmi mahaifina. Ya kama gefen rigata ya ce, “Ɗana, yarinyar nan ba ta da lafiya, shi kaɗai ke ɗaukar ta in ta faɗi.” Ina zan kai wannan? Na ce na yafe. Aka kawo takardar tanazul, wadda mutum ke sa hannu cewa ya janye haƙƙinsa. Na dangwala babban yatsan hagu. Tsohon yana kallon fuskata lokacin da nake dangwalawa. Ya yi godiya, amma bai yi murmushi ba.

Gaskiyar magana, bakina ne ya yafe. Na dawo Madina, cibiya ta bar ni a nan gaba ɗaya, ban ƙara zuwa Yanbu ba. Da aka cire ƙarafan, manuniya da ta tsakiya suka ƙi lanƙwasuwa. Na gwada riƙe alƙalamin kara ya faɗi, na sake gwadawa ya faɗi. Na koyi rubutu a allon aji da hagu, baƙaƙen Turanci suna fitowa kamar tafiyar kaza, ɗalibai suna dariya a ɓoye. Ajami kuwa da hagu ya ƙi ni sam. Hannun da mahaifina ya riƙe ya koya wa jan layi ya tafi. Na zama mutum mai saurin fushi. Wata rana wani ɗalibi ya yi wasa da yadda nake riƙe kofin shayi, na ɗauki kofin na maka shi da bango kusa da kansa, ya tarwatse. Na ba shi haƙuri, ya haƙura, amma na tsorata da kaina. Nakan je Harami in zauna in ce, Ya Allah na yafe masa. Kafin in kai ƙofar fita sai in tsinci kaina ina lissafa duka ukun nan, kafaɗa, hannu, kai, ina auna yadda zan rama su da a ce an ba ni kulkin.

Shekara uku a haka. Annoba ta zo ta rufe masallatai, ta wuce. A makon da aka cire alamun tazara muka koma haɗa kafaɗa a sahu, wata Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofata. Na buɗe, sai ga matuƙin. Ya yi furfura a gefen kai. A hannu ɗaya yana riƙe da baƙar sandar nan, a ɗayan ambulan.

Ya ce da Larabci, “Babana ya rasu, wata biyu ke nan, a gidansa na unguwar Ranuna.”

Na yi masa ta'aziyya a tsaye, ban ce ya shigo ba. Ya miƙo ambulan ɗin. A bayansa tsohon ya rubuta da Larabci cewa a kai wa Ustaz tare da sandar, shi zai karanta. Na buɗe. Ajami ne, hannu mai rawa, da biro. Na karanta a zuciyata tukuna.

“Me ya ce?” in ji matuƙin.

Na dube shi. Bai san abin da ya ɗauko ba. Ina iya cewa gaisuwa ce da addu'a, ya tafi, ni ma in koma ciki da abina. Amma wasiyya ce, kuma tsohon nan ya karanta tawa takarda da gaskiya a ranar da nake bukatar haka. Na karanta masa kamar yadda take:

“Malamin nan bai yafe maka ba. Na ga idonsa ranar da ya dangwala. Don ni ya yi, ni kuwa na tafi. Ka kai masa sandata da hannunka na dama tun kuna duniya, kada a kai ku inda ba a biya da sanda.”

Ya dubi takardar. Sannan ya tambaye ni, “Haka ne, Ustaz?”

Na ce, “Haka ne.”

Ya jingina sandar a ƙirjina, ya ɗora tafin hannunsa a kan dokin ƙofa. Na ce masa a'a, ni ba zan ɗaga sanda a kan Musulmi a cikin haramin Madina ba. Na faɗi haka ina tsammanin maganar za ta mutu a nan. Sai ya ce, “Mota tana ƙasa.”

Wata tsohuwar a-kori-kura ce mai giyar hannu, ta mahaifinsa. Muka ɗauki hanyar da bas ke bi da ni a da. Can na tambaye shi yarinyar. Ya ce farfaɗiya ce, likitoci sun sa ta a magani, ta shiga makaranta, shekara guda ke nan ba ta faɗi ba. Na ce Alhamdu lillahi. Muka wuce alamar iyakar harami, ya ƙara tafiya kaɗan, ya sauka daga kwalta ya tsaya a wani fili mai baƙaƙen duwatsu. Rana ta take. Ya fito, ya naɗe hannun riga, ya shimfiɗa hannun dama a kan murfin injin, duk da zafin ƙarfen. Ya kawar da kai.

Na tsaya da sandar a hannun hagu. Na san abin da masu haƙuri suke yi a irin wannan wuri, na sha karantawa, na sha faɗa wa mutane. Na jira in ji wannan haƙurin ya sauko mini. Abin da na ji kawai shi ne ɗanɗanon gishiri a maƙogwarona. Na yi Bisimilla, na ɗaga sandar har bayan kaina, na sauke ta da duk ƙarfin da shekara uku suka tara mini.

Kan azurfar ne ya same shi a bayan hannu. Ƙarfen motar ya amsa. Ya durƙushe, ya cusa hannun a tsakanin cinyoyinsa, yana fitar da iska ta haƙora, amma bai yi ihu ba. Fatar ta tsage, jini yana bin yatsunsa yana ɗiga a ƙasa. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe, ya mayar da hannun kan motar, ya riga ya fara kumbura.

“Saura biyu, Ustaz,” ya ce. “Uku na yi maka.”

Na ɗaga sandar rabi. Na nemi fushin nan a cikina, a inda na saba samunsa kullum da safe, ban same shi ba. Mutum kawai nake gani, mai furfura a gefen kai, hannunsa a kan ƙarfe mai zafi. Na sauke sandar.

“Babu saura,” na ce. “Na yafe. Wannan karon ni na faɗa, ba don kowa ba.”

Na cire hiramina na ɗaure masa hannun, ya taya ni ja da haƙori, don ni ma hannu ɗaya gare ni. Muka shiga mota. Ya tayar da ita da hagu, ya kai hannun dama kan giya, ya janye da sauri, ya runtse ido. Ya dube ni, na dubi giyar. Tana daidai hannuna mai lafiya. Ban taɓa tuƙa mota ba a rayuwata, na gaya masa haka. Ya nuna mini da haɓa inda kowace take, ya taka kuloci, na tura ta farko, motar ta yi tsalle ta mutu. Karo na biyu ta tashi.

Muka hau kwalta muka juya fuska zuwa Madina, shi da sitiyari, ni da giya, sandar tsohon a tsakaninmu. Injin ya fara kuka. Ya taka kuloci, ya buɗe baki, sai na ji Hausa ta fito, a karkace, kamar ta mai koyon tafiya.

“Biyu, Malam,” ya ce. “A hankali. To, uku.”